Jitar Hannu a Kasuwar Waya: Yaya Ake Sanin Kuɗinta Daga Zamfara?

Mutum zai iya ratsa kasuwar Mada tun daga kara har layin 'yan hatsi da na 'yan gwanjo bai ci karo da jita ko ɗaya ba. Haka abin yake a Tsafe da Bunguɗu. Ko a Gusau ma jita ba hajar da ake bajewa a bakin titi ba ce. Duk da haka akwai masu nemanta, kuma tun da sabuwa ta yi tashin gwauron zabo, yawancinsu ta hannu suke nema, a waya kuma suke nemanta. Matashi zai buɗe Jiji ko Facebook ya ga jita iri ɗaya, wani ya sa mata kuɗi kaɗan, wani ya ninka sau uku, wani kuma ya ce tasa ta tarihi ce daga Amurka. Wanne ne gaskiya? Wa ke yanke wa jitar hannu kuɗi, kuma da wane ma'auni?

Abin da nake gani shi ne, lambar da ke rubuce a ƙasan hoto ba ita ce darajar jita a ƙasar Zamfara ba. Darajarta a nan tana rataye da abubuwan da hoto ba ya nunawa: lafiyar wuyanta, juriyarta ga hunturu, samuwar mai gyara, da amanar wanda ke ɗaya gefen wayar.

Me ya sa kasuwar ba ta da rumfa?

Zamfara ƙasar kiɗa ce ta asali, amma kiɗan fata ne ya yi mata suna. Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da kotso suka yi wa sarakuna waƙa. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, da taushi ya yi fice a fadar Sarkin Musulmi. Kayan tsirkiya na gargajiya kuwa, irin su molo da garaya da gurmi da goge da kukuma, ba a saba sayensu a shago ba. Makaɗi ne ke haɗa abinsa da duma da fata da itace, ko ya ba wani gwani aikin. In ta lalace a sake fata, in ta mutu a yi wata. Saboda haka ba mu gaji al'adar sayen abin kiɗa na hannu ba, balle a ce akwai dillalansa.

Sai kuma addini. Malamai da yawa suna ganin kayan kiɗan tsirkiya haramun ne, kuma wannan fahimta ta daɗe kafin gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999. Matashin da ke son koyon jita ba zai rataya ta a kafaɗa ya ratsa unguwa ba tare da an bi shi da kallo ba. Waya ta ba irin wannan matashi abin da shago ba zai ba shi ba, wato a yi ciniki ba a yi ta yamaɗiɗi da shi ba.

Na uku shi ne fiyano. Lokacin da waƙoƙin finafinan Hausa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ne ya mamaye situdiyo, domin na'ura ɗaya tana fitar da ganga da sarewa har da sautin jitar kanta. Mai situdiyo bai ga dalilin ɗaukar makaɗin jita ba.

Su wa suka rage ke nan? Mawaƙan coci a Sabon Garin Gusau, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, 'yan situdiyo ƙalilan, da samarin da ke koyo a YouTube cikin ɗaki. Akwai kuma masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda sukan zo da jita daga Kudu, in shekara ta cika su haɗa ta da katifa da fanka su yi kwancensu. Kasuwa ce ta mutane kaɗan da ba su san juna ba, kuma wannan ƙarancin shi ne ginshiƙin duk lissafin da zai biyo baya.

Yadda ake yi wa jita kuɗi a manyan kasuwanni

A ƙasashen da jita ta yi jijiya, cinikin ta hannu sana'a ce mai zaman kanta. Dandalin Reverb, wanda aka kafa a birnin Shikago a 2013, kayan kiɗa kawai ake saye da sayarwa a kansa, kuma ya yi girman da kamfanin Etsy ya saye shi a 2019 kan dala miliyan 275. A can abubuwa huɗu ne ke ɗaga farashi ko su kayar da shi.

Na farko sunan kamfani da ƙasar da aka ƙera ta. Fender na da jitar da ake ƙerawa a Amurka, da ta Meziko mai sauƙin kuɗi, sannan da Squier, wadda ita ce ta masu ƙaramin ƙarfi, ana yin ta a ƙasashen Asiya. Gibson ma haka take da Epiphone. Daga nesa surarsu ɗaya, a kuɗi kuwa tazarar tana da faɗi ƙwarai.

Na biyu shekara. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, kuma har yau masu tara jita sun fi daraja waɗanda aka yi kafin wannan shekarar. Gibson Les Paul ta tsakanin 1958 da 1960 kuwa, da yake kaɗan aka ƙera, kuɗinta yakan kai na gida sukutum.

Na uku, ko kayan jikinta na asali ne. Tsohuwar jitar da aka sake wa fenti, ko da ta fi kyau a ido, darajarta faɗuwa take yi a wurin waɗannan mutane. Sun fi son ta da tabonta da kojewarta.

Na huɗu, hannun da ya riƙe ta. A 2019 an yi gwanjon baƙar jitar makaɗi David Gilmour a kan kusan dala miliyan 4. A 2020 jitar Martin da mawaƙi Kurt Cobain ya kaɗa a wani shahararren wasan talabijin na 1993 ta haura dala miliyan 6. Ba itace aka saya da wannan kuɗi ba, suna aka saya. Mu ma mun san haka a gida: kuntigin Ɗanmaraya Jos gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, amma in da za a yi gwanjonsa, ba kuɗin gwangwani za a taya ba.

Darasin da ya fi amfanar mai saye daga can shi ne bambanci tsakanin kuɗin da aka sa wa kaya da kuɗin da aka sallama shi. Reverb da eBay suna nuna nawa aka sayar da irin jitar da kake nema, ba nawa mai ita ya yi fatan samu ba. Jiji da Facebook da WhatsApp kuwa burin mai kaya kawai suke nuna maka. Tallar da ta yi wata uku a maƙale ba ta tafi ba, shaida ce cewa kuɗin ya yi yawa, ba ma'aunin da za ka auna wata da shi ba.

Inda wannan ma'auni ya gaza a nan

Wanda ya ɗauko lissafin Shikago ya sauke shi a Mada yadda yake, zai yi asara, don ƙasarmu tana da nata sharuɗɗan.

Babbansu hunturu. Masu ƙera jita suna so ta zauna a inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Legas danshi ya wuce haka nesa, a Gusau kuma lokacin hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Jitar da ta sha laimar bakin teku, aka ɗoro ta a mota ta iso nan a watan Janairu, itacenta zai fara tsukewa. Sai ka ji bakin ƙarafan da aka gitta a wuyanta sun fito suna kartar hannu, fuskarta ta lotsa, wani lokaci ta tsage daga ƙasan jaki, inda tsirkiyoyi suke kamawa, zuwa gindi. Ga kuma zafin bazara da ke sassauta gam, alhali tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jakin da nauyin da ya kusa kilo 70 dare da rana.

Wannan ya juya lissafin. A Turai da Amurka, jitar da aka yi fuskarta da falan itace guda ta fi tsada saboda daɗin sautinta, wadda aka yi da siraran katako da aka manne hawa-hawa kuma ita ce ta 'yan koyo. A nan ta biyun ce mai rai tara, domin ba ta tsagewa da sauƙi. Yamaha F310 ko C40 mai lafiya, irin waɗanda ake raina wa a can, sun fi amfani ga ɗan Tsafe a kan mai tsadar da hunturu ɗaya zai raba biyu.

Sharaɗi na biyu gyara. A inda ake da gwanayen gyaran jita, tsagewa ko ɗagawar jaki ƙaramin lahani ne, a rage kuɗi kaɗan a wuce. A inda sai an kai ta Kano ko Kaduna ko Abuja kafin a sami mai taɓa ta, lahanin nan ya cinye rabin darajarta. Tsirkiya ma ba a kowane lungu ake samu ba. Jitar lantarki kuwa ba ta magana sai da amfilifaya da waya da wuta, saboda haka kuɗinta na gaskiya ya haɗa da waɗannan duka.

Na uku, wa zai saya in ka tashi sayarwa? Babur ko waya ko keken ɗinki, in buƙata ta taso kafin la'asar ka mai da su kuɗi. Jita tana iya yin watanni ba a taya ba. Duk wanda ya ce maka ka saya don ajiya ce mai riba, tambaye shi wa zai karɓa a hannunka a Gusau.

Na huɗu dala. Kusan duk jitar da ke kasuwar Najeriya shigo da ita aka yi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa za ka ga mutum na neman fiye da abin da ya saya a kan jitar da ya kaɗa shekara uku, kuma ba lallai zalunci ba ne. Tambayar da ta dace ba nawa ya saya ba ce, nawa sabuwarta take yau a Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano? Daga nan ake fara lissafi. Abin da masu harkar suka saba shi ne ta hannu mai lafiya ta tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin ukun kuɗin sabuwa. Sai mai saye ya cire kuɗin mota, da sabbin tsirkiyoyi, da duk gyaran da take jira.

Duba jita ta cikin waya

Hoton gaba, wanda mai talla ya fi son sakawa, shi ne mafi ƙarancin amfani. Wuya ake fara dubawa. A sa mai kaya ya ɗora kyamara a kan jitar ya leƙa tsawon wuyan zuwa gindi, yadda kafinta ke leƙa katako ya ga ko ya miƙe. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, don yawancin jitocin tsirkiyar ƙarfe suna da sandar ƙarfe a cikin wuya da ake murɗawa a daidaita. Amma wuyan da ya murɗe gefe guda, wannan sai haƙuri.

Sannan tazarar tsirkiya da wuya. A ƙirga ƙarafan gicciye zuwa na 12, a ce wa mai kaya ya jera katin ATM tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. In kati uku ko huɗu sun cike gurbin, lafiya lau, don hakan kusan milimita 3 ne ko ƙasa da haka. In shida sun shige suna lilo, wannan jita za ta yanke yatsun ɗan koyo ta kashe masa gwiwa cikin mako guda, kuma sau da yawa alama ce ta wuyan da ya fara sunkuyawa.

A duba jaki, wato itacen da tsirkiyoyi suke kama wa a fuska. In takarda tana shiga ƙarƙashin bayansa, ya fara ɗagawa. Wannan ya fi faruwa ga jitar da aka ƙera don tsirkiyar roba, wani ya ɗaura mata ta ƙarfe don neman ƙara. A nemi hoton bayan kai, inda wuya ya haɗu da kunnuwan murɗawa, don nan jita ke karyewa in ta faɗi, kuma masu wayo sukan shafe tabon da fenti. A kaɗa kowace tsirkiya a sake, a kuma danne ta a ƙarfe na 12: sautin biyu ya zama ɗaya ne, na biyun ya fi sirantaka kawai. Manhajar saita jita ta kyauta a waya tana nuna wannan. In ta lantarki ce, a haɗa ta da amfilifaya a murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar ƙura.

Duk wannan a yi shi a kiran bidiyo kai tsaye, ba a hoton da aka turo ba. Mai kayan da ya ce kyamararsa ta lalace, ko ya ce yana sauri wani ya riga ya taya, ya ba ka amsa ke nan.

Kama da wane ba ta wane

Jabu ta yi yawa a wannan harka. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun nuna jitocin Gibson na bogi sama da 3,000 da suka kama a tashar jirgin ruwa ta Los Anjelis, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. In har ana yunƙurin shigar da su can, to ina ga kasuwannin da ba mai bincike? Gibson ta gaskiya a Amurka kaɗai ake ƙera ta, lambarta a bayan kai take, kuma ƙaramin murfin da ke rufe sandar wuya kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, alhali na jabu sau da yawa uku ne. Lambar ma ana kwaikwayo, don haka ita kaɗai ba hujja ba ce. Hujjar da ba ta ƙarya ita ce kuɗin: Gibson ko Fender ta Amurka a farashin jitar 'yan koyo, babu wannan. Ba laifi mutum ya sayi kwaikwayo in tana kaɗuwa, amma ya biya kuɗin kwaikwayo.

Dillalin da waya ta cire

A kara ta Mada, mai sayen sa yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Amma abin da ke kwantar masa da hankali shi ne dillali, wanda ya san mai dabbar da garinsu, ya shaida ciniki, kuma in magana ta taso gobe shi za a nema. La'adar da ake ba shi kuɗin wannan tsayawar ce. Reverb aikin dillali take yi: tana cire kashi 5 cikin ɗari daga mai sayarwa, kuɗi ta hannunta suke bi, kuma in kaya ya saɓa da bayani akwai inda za a kai kuka. Jiji da Facebook allon talla ne kawai, sun haɗa ku sun koma gefe. Jiji da kanta tana gargaɗin kada a tura kuɗi kafin a ga kaya.

To wanda ke Mada, kayan na Legas, yaya zai yi? Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu sun daɗe da duba irin wannan matsala a kan kowace haja. Risala ta halatta sayen abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma ta hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin ya iso in wurin da nisa kuma kayan na iya canzawa. Ɓoye aibi kuma yana ba mai saye damar mayarwa. Ko wanda bai yarda da jita ba zai yarda wannan ƙa'ida ita ce maganin cinikin biri a sama.

A aikace, mafita ita ce a mayar da dillalin. A nemi ɗan'uwa ko aboki a garin da kayan yake, ya je ya gani da ido, ya biya a wurin, ya kai tasha da kansa, a ba shi ladan wahalarsa. A sassauta tsirkiyoyi kafin tafiya, a naɗe kai da wuya da tsumma, a sa a kwali, a roƙi direba kada a ɗora mata buhu. Mai sayarwa shi ma ya yi hattara da alat na bogi: kada kaya ya fita sai ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun zauna. Sannan ya faɗi aibin kayansa da bakinsa. A kasuwar da masu saye ba su da yawa, wanda ya cuci mutum ɗaya ya kori sauran.

Kada kuma a manta kasuwar waya ba ta fi ƙarfin halin da ƙasa ke ciki ba. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako. Ta fili da ta waya suka tsaya tare. Kayan da aka saya a intanet kuma dole ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe, da duk abin da ke kanta.

Abin da maƙwabta suka nuna

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga inda jita ke da rai. A Agadas da yankin Tawa na Nijar, jitar lantarki ita ce kiɗan biki a wurin Abzinawa, kuma daga nan Bombino da Mdou Moctar suka fito duniya ta san su. Mdou Moctar, da iyayensa ba sa son kiɗa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, kuma ta katin waya da bulutut waƙoƙin suka yaɗu kafin wani kamfanin waje ya ji su. A can jitar hannu tana da daraja tabbatacciya, ba don sunan da ke kanta ba, sai don akwai masu kaɗawa da yawa, akwai bikin da za ta ci abinci a cikinsa, akwai kuma wanda zai gyara ta in ta yi ciwo.

Ba na zaton Zamfara za ta zama Agadas, kuma ba dole ba ne ta zama. Amma cikin abubuwan nan uku, akwai ɗaya da ba ya jiran sauyin al'ada, wato mai gyara. Miƙe wuya, manne jaki, goge bakin ƙarfe da haɗa wayar da ta tsinke ba su fi ƙarfin kafinta mai natsuwa ko mai gyaran rediyo ba, kuma darussan suna nan kyauta a wayar da ake cinikin da ita. Ranar da aka sami mutum ɗaya a Gusau da aka yarda da hannunsa da amanarsa, shi zai zama mai gyara, shi zai zama mai yi wa kaya kuɗi, shi zai zama dillali. Kafin a samu, shawarar da zan ba ɗan koyo ita ce ya sayi mai sauƙin kuɗi, mai miƙaƙƙen wuya, daga hannun wanda zai iya komawa ya samu in an yi ba daidai ba.